Tambaya da Amsa: Sayen Mota a Gwanjon 'Yan Sanda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina tara kuɗin sayen mota, sai wani abokina ya ba ni shawarar in jira gwanjon da 'yan sanda suke yi, domin a cewarsa ana samun mota a can da araha ƙwarai. Hankalina bai kwanta ba, saboda ina tsoron kada wata rana wani ya tare ni ya ce motarsa ce. Me ya kamata in duba kafin in taya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, ana samun araha, amma wannan tsoro naka shi ne ya kamata ya yi maka jagora, domin a irin wannan ciniki takarda ta fi inji muhimmanci. Injin da ya lalace bakanike zai gyara shi, motar da asalinta yake da duhu kuwa ba za ka iya yi mata rajista da sunanka ba.

Motocin da ake fitarwa gwanjo ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda aka kama ko aka tsinta a yashe, masu su ba su zo sun karɓa ba har wa'adin da doka ta tsara ya cika. Akwai waɗanda kotu ta ƙwace bayan shari'a. Akwai kuma motocin sintiri da hukumar ta gama amfani da su. Ka fara da tambayar rukunin da motar take ciki, ka nemi ganin sanarwar gwanjon da hukumar ta fitar da kanta, da umarnin kotu idan motar ta shari'a ce. Ka tambaya kuma ko akwai bashin banki ko tara a kanta, da wanda zai biya. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce ka turo kafin alƙalami zuwa asusunsa domin ya ajiye maka mota, ka ɗauke shi ɗan damfara, domin gwanjo na gaskiya a bainar jama'a ake yin sa, kuma ana ba da rasit da sunan hukuma.

Bayan haka sai lambar shasi. Tun daga 1981 yawancin motoci suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa I, O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. Ka gwada ta da wadda take cikin takarda harafi bayan harafi, kuma idan ka ga alamar an kankare ta ko an yi walda a gefenta, ka haƙura da motar komai kyanta.

Dangane da lafiyar motar, ka sani cewa ana sayar da ita ne yadda take, babu garanti, babu mayarwa, kuma sau da yawa ba a barin mutum ya zaga da ita, wani lokaci ma babu makulli. Saboda haka ka je ranar dubawa tare da bakaniken da ka amince da shi. Motar da ta shekara a tsaye cikin rana da ruwa batirinta ya mutu, birkinta ya yi tsatsa, man tankinta ya lalace. Ku zaro sandar baƙin mai; idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga inji. Ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ku shinshina, domin laka da warin danshi suna tona asirin motar da ta taɓa nutsewa. A jikin taya akwai alƙaluma huɗu da suke nuna lokacin ƙera ta: 2319 yana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Motar sintiri kuwa mitarta mai ƙirga nisan tafiya tana iya yaudarar mai saye, domin takan shafe sa'o'i a tsaye inji yana aiki ba tare da mita ta ƙirga komai ba, ga kuma hujojin da aka yi mata na jiniya da fitilu.

Abin da na fi jiye wa masu karatu shi ne zafin tayi. Mutum yakan shiga da niyyar araha, sai ya ga wani ya ɗara shi, zuciya ta ɗebe shi har ya biya fiye da kuɗin kasuwa. Kafin ranar, ka binciki farashin irin motar, ka cire la'adar mai gwanjo, da kuɗin janwe, da na rajista, da na gyaran da bakanike ya ƙiyasta, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Ka rubuta shi a takarda ka riƙe. Idan aka sallama maka, yawanci wa'adin biya da kwashe mota gajere ne, don haka ka tanadi kuɗin tun da wuri, kuma kada ka fitar da ita daga harabar sai rasit da takardar sakin mota suna hannunka, da sunanka da lambar shasi a rubuce daidai.