Kun Tambaya: Faifan Wa Zan Saurara a Kiɗan Fiyano na Tchaikovsky?

Tambaya: Na nemi kiɗan fiyano da ƙungiyar makaɗa mai lamba ɗaya na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, a YouTube, sai ga faifai barkatai, kowa da nasa gwani. Wanne zan fara da shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, fara da na Van Cliburn, Ba'amurken da ya lashe gasar Tchaikovsky ta farko a Mosko a 1958, ya kuma naɗi kiɗan a shekarar tare da jagoran makaɗa Kirill Kondrashin. Ba ya gaggawa, kowane sauti na fita tas, don haka kunne zai san hanyar kiɗan. Idan ya zauna miki, ki koma kan na Martha Argerich, wanda aka naɗa gaban 'yan kallo a 1980, shi ma da Kondrashin. Wannan wuta ce, mu kam shi ne zaɓinmu.

Sai dai kada ki yanke hukunci da buɗewar nan da kowa ya sani, inda ƙahoni ke shela, fiyano na dukan sautuka masu nauyi. Cikin minti huɗu ta wuce, ba ta kuma dawowa, alhali kashin farko kaɗai ya kai kusan minti 20. Ki tsallaka farkon kashi na biyu, inda sarewa ke rera waƙar a hankali, masu goge na tsinkar tsirkiya da yatsa, sannan fiyano ya karɓa. Wanda hannunsa ya yi nauyi, nan asirinsa ke tonuwa. Daga nan ki je dab da ƙarshen kashi na uku, inda hannu biyu ke gudu tare da ƙarfi. In sautukan sun cakuɗe, to ko dai makaɗin ya danne fedar ƙafa fiye da kima, ko gudun ya fi ƙarfinsa.

Tambaya: An ce na Horowitz ya fi kowanne, amma na ji shi da ƙara. Matsalar wayata ce? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ba wayarka ba ce, Malam, tsufan naɗi ne. Gwanin fiyano Vladimir Horowitz ya naɗe shi da surukinsa, jagoran makaɗa Toscanini, a 1941, suka sake a zauren Carnegie na New York a 1943, lokacin ana naɗa sauti ta kafa ɗaya. Shi ya sa ake jin makaɗan kamar an cushe su wuri guda. Sa abin ji na kunne, ka rage sauti mai kaifi kaɗan. Gudunsa abin mamaki ne, amma bai dace da mai farawa ba.

In kana son jin wani abu daban, nemi na Kirill Gerstein na 2015, wanda ya bi rubutun kiɗan yadda Tchaikovsky ya gyara shi a 1879. A can sautukan buɗewa ana shafa su ɗaya bayan ɗaya da taushi, maimakon dukansu lokaci guda.