Dalilin da ya sa ba na gaggawar ɗaure cinikin gida

Ka tambaye ni me ya sa nake jan ƙafa, alhali mai saye ya zo da kuɗinsa, mai gida ya sallama, la'adarmu kuma tana jiranmu. To ɗana, ka saurara da kyau. Abu biyu ne suka fi ɓata cinikin gida bayan an gama shi, takarda da ruwa, kuma duka biyun ba sa nuna kansu a zuwan farko.

Takarda ce farko. Wanda ya buɗe maka ƙofa ba lallai ne shi ke da ikon sayarwa ba. Ka karɓi takardar mallaka, ka gwada sunan da ke kanta da na katin shaidarsa. In ya ce wakili ne, ya kawo takardar wakilci, kai kuma ka nemi mai gidan ka ji daga bakinsa. Daga nan lauya ya je ofishin rajistar filaye ya bincika, domin a can ne ake gane ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko an riga an sayar wa wani. Gidan gado ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Magada goma su sa hannu, ɗaya ya rage, to wannan ɗayan zai iya kai mai saye kotu bayan shekaru. Sannan ka ɗauki taswirar filin ka bi iyaka da ƙafarka. Katanga takan shiga filin maƙwabci ko ta ci hanya, mai saye ne kuma zai gaji rigimar.

Sai ruwa, inda nake son ka fi buɗe ido, domin a nan ne sabon fenti yake ruɗar mutane. In da hali ka koma gidan bayan an yi ruwan sama, gani ya kori ji. Ka tsaya a bakin ƙofa ka duba: titi ne ya fi daɓen gidan tudu, ko daɓen ne ya fi titi? In titi ne a sama, ruwa zai shigo, ko mai gida ya faɗa ko bai faɗa ba. A ciki kuma ka shafa gindin bango. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yakan tsaya wajen mita 1, ya bar farin gishiri, fenti yana kumbura, filasta tana zubewa. In ka ga an sake fentin ƙasan bango kaɗai an bar sama, ka tambayi dalili. Ka ɗaga kai ka nemi tabo a silin, ka leƙa rufi da tocila ka ga ko katako ya ruɓe ko gara ta ci shi.

Tsagar bango ma iri-iri ce, kada ka tsorata mai saye a banza. Siririya kamar gashi galibi ta filasta ce, gyaranta ba wuya. Wadda ke damuna ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi. In ta wuce milimita 5, ga ƙofofi suna cijewa, alama ce harsashi yana motsi. Wannan ba aikinmu ba ne, a kira injiniya. Abin da za a biya shi bai kai komai ba a kan kuɗin gyaran harsashi.

In kuma mai sayarwa kake wa aiki, babbar hidimar da za ka yi masa ita ce gaya masa gaskiyar farashi. Kada ka auna da abin da maƙwabta suke nema, ka auna da abin da aka biya a gidaje irin nasa da aka sayar kwanan nan. Gidan da aka tsauwala wa kuɗi yakan daɗe a kasuwa, har masu saye su fara zargin akwai abin da ke damunsa, a ƙarshe a sayar ƙasa da yadda ya kamata. Ya toshe yoyo, ya gyara famfo da soket, ya share gidan, amma kada ya zuba kuɗi a adon da ba zai dawo masa ba. Aibin da ya sani kuwa ya faɗa. Ni ba na karɓar gidan da mai shi ya ce in rufe masa aibi, domin wanda zai saya iyalinsa zai sa a ciki.

Ranar biya, komai a rubuce: farashi, ranar miƙa makulli, abin da za a bari a gidan, wanda zai biya bashin wuta da ruwa da haraji, da matsayin ɗan haya in akwai shi. Kafin alƙalami ma a rubuta sharaɗin mayar da shi in bincike ya tono matsala. Kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, cikon kuma a riƙe shi har sai an sa hannu a takardar canjin mallaka a gaban lauya da shaidu.