Amsa: Yadda gwamnati ta tashi a tutar babu a zaɓen Mauritius

Malam, ka tambaya yadda ƙawancen da ke mulki a lokacin a Mauritius, ƙasar tsibirai da ke Tekun Indiya, ya samu sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a zaɓen 10 ga Nuwamba 2024, amma ya kasa cin kujera ko ɗaya a mazaɓu, ko dai maguɗi aka yi. Ba maguɗi ba ne. Firaministan lokacin, Pravind Jugnauth, jagoran ƙawancen, da kansa ya fito ya amince da shan kaye tun kafin a gama ƙirga.

Tsarin zaɓen ne ke kawo haka. Babban tsibirin yana da mazaɓu 20, kowace na tura wakilai uku, kuma mai jefa ƙuri'a yana zaɓar mutum uku a takarda ɗaya. Yawanci ɓangare guda yake dangwala wa duka ukun. To idan ƙawance ya yi gaba a kowace mazaɓa, sai ya kwashe kujeru 60 ɗin kaf, kamar yadda ƙawancen 'yan adawa na lokacin, ƙarƙashin Navin Ramgoolam, ya yi. An taɓa ganin haka a 1982 da 1995. Kujeru biyun Rodrigues, wani ƙaramin tsibiri na ƙasar, daban suke, sannan akwai har takwas da ake iya ba waɗanda suka faɗi da ƙuri'u masu yawa.

Tsadar rayuwa ta ci wa jama'a tuwo a ƙwarya, ga kuma muryoyin wayar manya da aka naɗa a ɓoye suna yawo a intanet. Ana saura kwana tara zaɓe, hukuma ta toshe kafafen sada zumunta, washegari ta buɗe. A ganina wannan ne ya ƙarasa fusata mutane.

Abin da ke damuna shi ne majalisar da kusan babu 'yan adawa a cikinta, domin ko gwamnatin kirki tana buƙatar mai ja mata birki.