Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Faɗa wa Likita Inda Ke Ciwo a Mara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da na je asibiti, ko na raka maigidana, iyakar abin da muke faɗi shi ne "mara ke ciwo" ko "sanyi ne", likita ya yi ta tambaya, kunya kuma ta hana mu bayani. Don Allah a fayyace mana sunayen sassan wannan wuri. Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mara ita ce daga ƙasan cibiya zuwa matse-matsi, ƙasusuwan ƙugu sun kewaye ta, kwankwaso kuma yana bayanta. Namiji da mace duka suna da mafitsara, wadda ke tara fitsarin da ƙoda ta tace, da ƙarshen hanji wanda ke fita ta dubura.

A jikin mace, mahaifa tana tsakanin mafitsara da ƙarshen hanji, bakin mahaifa yana buɗewa cikin farji, a kowane gefe kuma akwai ma'ajiyar ƙwai da bututun da ƙwai ke bi. Hanyar fitsari dabam take da farji, kuma tsawonta bai wuce kimanin santimita 4 ba, alhali ta namiji tana kai wajen 20, shi ya sa ciwon mafitsara ya fi addabar mata. Idan doguwar naƙuda ta huda tsakanin mafitsara da farji, shi ne yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

A jikin namiji akwai azzakari da 'ya'yan maraina, sai furostet, wadda ke ƙarƙashin mafitsara ta kewaye hanyar fitsari. Kumburinta ne ke sa dattawa da yawa yin fitsari da ƙyar. Ƙaba kuwa hanji ne ke turowa ta matse-matsi, wani lokaci har cikin maraina.

A ganina kalmar "sanyi" ce ta fi ɓatar da marasa lafiya, domin ƙaiƙayi da zafin fitsari da fitar farin ruwa duk an cusa su cikinta, ko da yake maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki ambaci sashen, ki faɗi ko dama ne ko hagu, da ranar da ya fara. Ciwo mai tsanani a gefe guda bayan ɓatan wata, ko ciwon maraina da ya taso farat ɗaya, ba a kwana da su a gida.