Amsa ga mai tambayar tanadin gida idan annoba ta ɓulla a ƙasar waje

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Kin ce kin ji wata cuta ta ɓulla a waje, kina tambaya ko ki fara tara kaya ko ki dakata. Bari in gaya miki yadda ta kaya mana a Kano lokacin korona.

Da aka fara zancen Wuhan a ƙarshen 2019 dariya muke yi, wai ina Sin ina mu. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai cutar a Legas, tsakiyar Afrilu aka kulle Kano, ga azumi ya ƙarato. Ranar da aka ɗan sassauta, kasuwa ta cika ba masaka tsinke, farashi kuwa sai abin da mai kaya ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne maganin hawan jinin Innarmu. Da yawa daga cikin magungunanmu daga Indiya suke zuwa, ita kuma daga Sin take sayo sinadaran haɗa su, kuma a farkon Maris na 2020 Indiya ta taƙaita fitar da wasu, har da farasitamol. Kemis huɗu maigida ya zagaya a ƙafa kafin ya samo kati biyu. In kina da mai ciwon suga, hawan jini ko asma, ki fara da nasu: na wata biyu, ki duba ranar ƙarewar aikinsa. Haka madarar jariri, in kina da mai shan ta.

Abinci kuwa, ki sayi wanda kuke ci dama: gero, masara, wake, garin kwaki, manja, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Ni wautar da na yi, na cika firji da nama da ɗanyen kayan miya, aka ɗauke wuta kwana uku, sai zubarwa muka yi ina hawaye. Da na soya naman da ya kai mu salla. Wake ki shanya shi sosai, ki ɗura a busasshiyar jarka har baki ki toshe, ƙwari ba sa rayuwa in ba iska. Kar ki saka masa maganin feshi.

Ki kuma tanadi buhun gawayi ko cikon gas, duro biyu na ruwa don 'yan garuwa ma ɗauke ƙafa suka yi, sabulu, da ɗan kuɗi a hannu.

Amma don Allah ban da bin jita-jita. Lokacin Ebola a 2014 mun tashi da asuba muna wanka da ruwan gishiri, wasu har sha suka yi suka ƙare a asibiti. A 2020 kuma aka yi wawason kulorokwin.

Kar ki ci bashi don wannan. Duk zuwa cefane ki ƙara mudu ɗaya ko biyu, ki riƙa cin tsohon kina ajiye sabon. Ku nawa ne a gidan? In kin faɗa mini sai mu lissafa na wata guda tare.