Cusa siririn bulon Lego tsakanin kawuna biyu

Malam, tambayarka ita ce ko za ka iya tsayar da siririn bulo a gefensa, ka cusa shi tsakanin 'yan kawuna biyu na wani, wato 'yan tudun nan da ke saman bulo. Zai shiga, amma kada ka yi. Wannan shi masu ginin Lego ke kira haramtaccen haɗi, don yana tura kawunan waje, robar ta zauna cikin matsi kullum. Halastacce kuwa zama yake daram, ba sai ka danna da ƙarfi ba.

Da wata roba mai tauri da ake kira ABS ake yin bulon Lego, kuma zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana sa ta saurin sakewa. Na ga bulon da aka bari haka a ɗaki mai rufin kwano ya daina riƙo. In gefe kake son ginin ya fuskanta, nemi bulo mai kai a gefe. Don ginin gefen ya daidaita da sauran, ka tuna kaurin siraran bulo 5 daidai yake da faɗin bulo mai kawuna 2.