Fentin katakon bindiga: yaya zai yi kaushi kuma ya daɗe?

Tambaya: Malam, ni mafarauci ne a nan Kano. Na yi wa katakon bindigata fenti, damina ɗaya ya ɓamɓare, kuma in hannuna ya yi gumi sai ta riƙa zamewa. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, yawanci laifin ba na fentin ba ne, na abin da ke ƙarƙashinsa ne. Katakon bindiga ya shekara yana shan man da ake shafa wa ƙarfe, ga gumin hannu, kuma fenti ba ya kama itace mai maiƙo komai tsadarsa.

Tabbatar babu komai a cikin bindigar, ka raba ƙarfen da katakon. Kankare tsohon fentin da sanfefa mai lamba 120, ka bi da 220. Kada ka wuce nan, domin in itace ya yi sumul ƙwarai fenti ba ya samun abin kamawa. Sai ka goge da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka shanya a rana. Za ka ga maiƙo yana tsattsafowa baƙi-baƙi, musamman kusa da kunama. Goge, ka sake shanyawa, har ya daina. Nan ne mutane ke gajiya, alhali nan ne aikin yake.

Ka shafa fentin share fage, wato wanda ake fara shafawa kafin ainihin fenti, har cikin kwarmin da bututu ke kwanciya da can ƙarshen gindi. Ta waɗannan wurare laima ke shiga da damina, itace ya kumbura, hunturu ya zo ya tsuke shi, fenti ya tsage.

Batun kaushi kuwa, ban yarda da a yi wa katako gaba ɗaya ba. Wuri biyu ne kawai: inda hannun dama ke damƙa da inda na hagu ke tallafa. Inda kunci ke kwanciya a bar shi sumul, in ba haka ba zai kurje maka fuska. Kewaye wuraren biyu da salatif, ka shafa gam ɗin Araldite kaɗan-kaɗan, ka barbaɗa yashi mai laushi tun gam bai daskare ba. Yashin a wanke shi, a shanya, a tankaɗe tukuna, don ƙasar da ke cikinsa tana hana shi kamawa. Cire salatif da wuri, washegari ka kakkaɓe yashin da bai kama ba.

Daga nan sai fentin mota mai haɗi biyu, wato wanda ake gauraya shi da sinadarin da ke sa shi tauri, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Hawa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai cike kaushin ya ɓata aikin. Zaɓi marar ƙyalli, don sheƙi yana tona mafarauci a daji. Tururinsa na cutar da huhu, saboda haka ka fesa a fili da takunkumi irin na masu fentin mota, kuma ba ranar da ƙura ta taso ba.

Washegari zai bushe a hannu, amma ka ba shi mako guda kafin ka mayar da ƙarfen.